Shilla, Ƙasar Zinariya da Ke Bayan Sin

A ƙarni na 9 na Miladiyya, wani babban ma'aikacin daular Abbasiyya mai kula da harkar aika saƙonni, wanda ake kira Ibn Khurdadhbih, ya rubuta littafi a kan hanyoyi da ƙasashen duniya. A cikinsa ya ambaci wata ƙasa da ke can bayan ƙasar Sin, mai yawan duwatsu da yawan zinariya, wadda ya ce Musulmin da suka shige ta sukan yi zamansu a can saboda daɗinta. Ya kira ta al-Shila. A shekarar 1154 kuma al-Idrisi ya kammala taswirarsa a tsibirin Sisili, wadda ta nuna Gana da Kaukau da Kanem a wannan ɓangare namu na duniya, sai ga Shila a can ƙuryar gabas an zana ta a matsayin tsibirai, alhali a lokacin masarautar ta shuɗe da fiye da shekara 200.

Ƙasar da waɗannan malamai suke nufi ita ce Shilla, masarautar da ta tashi a kudu maso gabashin zirin Koriya, wadda babban birninta yake inda garin Gyeongju yake a yau. Bisa lissafin tsofaffin littattafan Koriya, ta rayu daga shekara ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, har zuwa 935, wato shekara 992, kuma sarakuna 56 ne suka hau gadonta. Zancen zinariyarta gaskiya ne, domin an tono ta an gani. Amma abin da ya fi riƙe hankalina a tarihin Shilla shi ne wani tsari na asali da ta gina kanta a kai, wanda ya ba ta haɗin kan da ta rinjayi maƙwabtan da suka fi ta ƙarfi, sa'an nan daga baya shi ne ya hana ta cin moriyar 'ya'yanta masu basira a daidai lokacin da ta fi bukatarsu.

Labarin kafuwarta ya zo da sigar almara, kamar yadda aka saba a tarihin tsofaffin masarautu. An ce shugabannin ƙauyuka shida na wani kwari da ake kira Saro sun taru suna neman wanda zai shugabance su, sai suka ga farin doki ya durƙusa a gaban wani babban ƙwai, kuma daga cikin ƙwan aka sami yaron da ya zama sarki na farko, Bak Hyeokgeose. Littafin da ya ba mu shekarar kafuwar, Samguk Sagi, a 1145 aka kammala shi, kuma wanda ya jagoranci rubuta shi, Kim Busik, jinin sarautar Shilla ne. Wannan ya sa ya kamata mai karatu ya yi hattara da yadda littafin ya mai da Shilla yayar sauran masarautu biyu, Goguryeo ta arewa da Baekje ta kudu maso yamma, domin a zahiri ita ce ta zo daga baya wajen zama cikakkiyar daula. Ta daɗe tana matsayin ƙawancen ƙauyuka, sarauta tana zagayawa tsakanin gidaje uku, Bak da Seok da Kim, kuma sai a zamanin Naemul, wanda ya hau a 356, ta tabbata a gidan Kim.

Rauninta a wancan lokaci ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 400, da mahara daga tsibiran Japan suka matsa mata, sai da sarkin Goguryeo, Gwanggaeto, ya aiko da mayaƙa 50,000 suka cece ta, kuma an rubuta wannan a jikin dogon dutsen tunawa da shi da aka kafa a 414, wanda har yanzu yana tsaye a garin Ji'an na ƙasar Sin. Wanda ya cece ka yakan so ya juya ka, saboda haka Shilla ta shafe shekaru a ƙarƙashin inuwar Goguryeo, har 'ya'yan sarakunanta sun yi zaman garkuwa a can, kafin a 433 ta ƙulla ƙawance da Baekje don ta sami sararin numfashi.

A wannan zamani na rauni ne kuma aka gina manyan kaburburan da suka sa ake kiran Shilla ƙasar zinariya. Duk wanda ya ga hoton tsakiyar Gyeongju zai ga tuddai masu ciyayi a tsakanin gidajen mutane, kowanne kushewa ce. Yadda ake gina su shi ne ya kare su daga ɓarayi: a kafa ɗakin katako a sa gawa da kayanta, a jibga duwatsun kogi masu yawa a kai, sa'an nan a rufe da ƙasa, ba ƙofa ba hanya, ta yadda duk mai haƙa rami daga gefe duwatsu za su rufto masa. A 1921 aka ci karo da kambin zinariya na farko lokacin da ake aikin gini a bayan wani gida. A 1973 aka tono wani kabari aka sami hoton farin doki mai tashi sama, an zana shi a jikin ɓawon itacen da ake ratayawa a gefen sirdi don kare mahayi daga taɓo. Kambunan suna da rassa kamar na itace da kamar ƙahon barewa, an rataya musu ƙananan faifan zinariya da lanƙwasassun koren duwatsu masu daraja. An kuma sami kofunan gilashi irin na ƙasashen Rum, waɗanda suka ratso faɗin Asiya daga hannu zuwa hannu. A kabarin Hwangnam, mai tudu biyu a manne da tsawon kusan mita 120, inda aka binne miji da mata, kambin zinariya a ɓangaren matar aka same shi, na mijin kuwa tagulla ce da aka shafe da ruwan zinariya. Wannan abu ya daɗe yana sa ni tunani a kan irin nauyin da jinin mace yake da shi a gidan sarautar.

Ƙarni na 6 shi ne lokacin da Shilla ta kintsa. Sarki Jijeung ya hana binne bayi da rai tare da gawar sarki a 502, ya ƙarfafa noma da garmar shanu, kuma a 503 aka tsai da sunan ƙasa da laƙabin sarki irin na Sin. Ɗansa Beopheung ya kafa dokoki a 520. A zamaninsa ne addinin Buddha ya sami karɓuwa a hukumance, bayan Goguryeo ta karɓe shi tun 372, Baekje kuma tun 384. Dalilin jinkirin shi ne manyan gidaje, waɗanda ikonsu yake jingine da tsoffin wuraren tsafi da bautar kakanni, sun ƙi yarda. A 527 wani matashin bafade mai suna Ichadon ya miƙa wuyansa aka fille masa kai a kan wannan magana, kuma masu ruwaya suka ce farin jini kamar madara ne ya fito daga wuyansa. Ko mene ne ya faru a ranar, sakamakonsa a fili yake, domin hakimai sun sassauta, sarki kuma ya sami addinin da ya ɗaga shi sama da sauran shugabannin zuriya.

A cikin wannan kintsi ne tsarin da suke kira golpum, wato darajar ƙashi, ya zauna da gindinsa. A can sama akwai masu ƙashi mai tsarki, waɗanda su kaɗai ne ke hawa gadon sarauta. Ƙasa da su akwai masu ƙashi na gaskiya, wato sauran dangin sarki da manyan gidaje. Daga nan sai masu daraja ta shida, da ta biyar, da ta huɗu, sai talakawa. Muƙaman gwamnati hawa 17 ne, ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa, kuma biyar na sama na masu ƙashi na gaskiya ne kaɗai. Ɗan gidan daraja ta shida, ko da ya fi kowa ilmi a ƙasar, ba zai wuce hawa na shida ba, na daraja ta biyar yana tsayawa a hawa na goma, na ta huɗu kuma a na goma sha biyu. Launin rigar aiki ma yana nuna matsayi, daga shunayya zuwa ja, zuwa shuɗi, zuwa rawaya. Abin bai tsaya a fada ba, ya shiga har cikin gida. Doka ta ƙayyade faɗin ɗakin da mutum zai gina, ƙafa 24 a ma'auninsu ga mai ƙashi na gaskiya, 21 ga na daraja ta shida, 18 ga na ta biyar, 15 ga na ta huɗu. Ta kuma ƙayyade irin yadin da zai sa, da adon sirdinsa, da kwanon da zai ci abinci a ciki. Tun a 621 wani matashi mai suna Seol Gyedu ya koka wa abokansa cewa a Shilla ana duba ƙashi ne kafin a ba mutum aiki, ta yadda duk girman basirarsa ba zai ƙetare iyakar gidansu ba. Ya shiga jirgin ruwa ya tafi Sin, kuma a 645 ya mutu a fagen fama yana yaƙi a rundunar sarkin Tang, wato daular da ke mulkin Sin a lokacin.

Duk da haka, adalci ne a faɗi amfanin da tsarin ya yi a farko. Ya ba kowane gida na sarauta, har da na ƙasashen da aka ci da yaƙi, matsayi sananne da ba a jayayya a kansa. Manyan masu ƙashi na gaskiya suna da majalisa mai suna Hwabaek, wadda za a iya kwatanta ta da majalisar masu zaɓen sarki, sai dai ita ba ta zartar da magana sai kowa ya amince, kuma ƙarfinta ya kai ta tuɓe Sarki Jinji a 579. Sarki bai isa ya yi gaban kansa ba, hakimai kuma suna ganin ƙasar tasu ce, shi ya sa suke ba da 'ya'yansu a yaƙi.

Sarki Jinheung, wanda ya yi mulki daga 540 zuwa 576, shi ne ya fitar da Shilla daga kwarinta. A 551 ya haɗa kai da Baekje suka ƙwace kwarin kogin Han daga Goguryeo, sai a 553 ya juya ya karɓe rabon Baekje, wato yankin da birnin Seoul yake a yanzu. Sarkin Baekje, Seong, ya taso ɗaukar fansa a 554 aka kashe shi. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna, kuma ya haifar da gabar da ta wuce shekara 100. Amma ya ba Shilla ƙasar noma da tashar jirgin ruwa mai kallon Sin, wadda in ba don ita ba da duk abin da ya biyo baya bai yiwu ba. A zamaninsa ne kuma aka tsara ƙungiyar samari ta Hwarang, inda 'ya'yan manya suke jagorantar tawagar sa'o'insu, suna yawon duwatsu da koguna, suna koyon waƙa da rawa da hawan doki da harbi. Wani ɗan zuhudu mai suna Wongwang ya ba su ƙa'idoji biyar: biyayya ga sarki, girmama iyaye, riƙon amana tsakanin abokai, rashin ja da baya a fagen fama, da kuma kada a kashe rai sai da zaɓi da dalili. A cikin wannan ƙungiya ɗan babban gida da ɗan ƙaramin gida sukan kwana a sansani ɗaya, kuma ina ganin hakan ya rage ɗacin tsarin ƙashi na wani lokaci.

A 632 maza masu ƙashi mai tsarki suka ƙare, sai aka naɗa mace, Sarauniya Seondeok, domin a wurinsu tsarkin jini ya fi zama namiji muhimmanci. A zamaninta aka gina Cheomseongdae, ginin dutse mai tsayin mita 9 da 'yan kai da ake dangantawa da duban taurari, wanda yana nan har yau, da kuma hasumiyar katako mai hawa tara ta haikalin Hwangnyongsa, mai tsayin kusan mita 80, wadda Mongol suka ƙona a 1238. Mulkinta bai zo da sauƙi ba. A 642 Baekje ta ƙwace garuruwa masu ganuwa kusan 40, kuma a faɗuwar garin Daeya aka kashe 'yar wani ɗan sarauta mai suna Kim Chunchu tare da mijinta. Wannan mutum, jikan Jinji da aka tuɓe, ya ɗauki sandar neman taimako. Ya je Goguryeo aka tsare shi, ya je Japan bai samo abin da yake so ba, sai a 648 ya isa fadar Tang ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Taizong. Abokin tafiyarsa a siyasa shi ne jarumi Kim Yusin, jinin sarautar Geumgwan Gaya, wata ƙaramar masarauta da Shilla ta haɗiye a 532, wanda ƙanwarsa ce matar Kim Chunchu. Su biyun ne suka murƙushe tawayen da wani babban bafade mai suna Bidam ya yi a 647, wanda ya tashi da hujjar cewa mace ba ta iya mulki, kuma a 654, bayan rasuwar sarauniya ta biyu, Jindeok, Kim Chunchu ya zama sarki na farko daga masu ƙashi na gaskiya, da sunan Muyeol.

A 660 rundunar Tang ta mutum 130,000 ta ƙetaro teku, Kim Yusin kuma ya taso ta tudu da 50,000. A filin Hwangsanbeol, jarumin Baekje mai suna Gyebaek ya tare shi da mutum 5,000 kacal, ya kore su har sau huɗu. An ruwaito cewa wani yaro ɗan Hwarang mai suna Gwanchang ya kutsa cikin abokan gaba shi kaɗai, Gyebaek ya kama shi ya ga ƙuruciyarsa ya sake shi, yaron ya sake dawowa, sai aka mai da kansa ɗaure a sirdin dokinsa, kuma ganin haka ne ya zaburar da rundunar Shilla. Baekje ta faɗi a wannan shekara, Goguryeo kuma a 668, bayan rikicin gado ya raba kan masu mulkinta. Daga nan sai ta bayyana cewa Tang ba taimako kawai ta zo yi ba, domin ta kafa hukumominta a ƙasashen da aka ci, har ta kira Shilla kanta lardi, ta mai da Sarki Munmu, ɗan Muyeol da ya gaje shi, gwamna a takarda. Munmu ya juya ya yaƙe ta, ya jawo ragowar mayaƙan Goguryeo a jikinsa, ya yi nasara a Maeso a 675 da kuma a bakin teku a Gibeolpo a 676, a daidai lokacin da hankalin Tang ya rabu saboda yaƙin Tibet.

Wasu masana tarihin Koriya na ƙarni na 20, irin su Shin Chaeho, sun zargi Shilla da gayyato baƙo ya rusa 'yan'uwa, sun kuma nuna cewa haɗewar ba ta cika ba, tunda iyakarta ta tsaya a kogin Taedong, kuma a 698 masarautar Balhae ta tashi a tsohuwar ƙasar Goguryeo. Maganar asarar ƙasa gaskiya ce. Amma a ganina, ɗora wa mutanen ƙarni na 7 kishin ƙasa irin na yau rashin adalci ne gare su, domin masarautun uku sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kashe juna, kuma wanda aka kashe masa 'ya a Daeya ba ɗan'uwa yake gani a Baekje ba. Abin da ya cancanci yabo shi ne yadda ƙaramar ƙasa ta iya korar daula mafi ƙarfi a gabashin duniya bayan ta gama amfani da ita.

Munmu ya rasu a 681, ya bar wasiyyar a ƙona gawarsa, kuma ruwaya ta ce ya so ya zama dodon teku mai tsaron ƙasa, shi ya sa ake nuna wani dutse a cikin tekun gabas a matsayin makwancinsa. Ɗansa Sinmun ya raba ƙasa larduna tara da ƙananan birane biyar, ya buɗe makarantar koyon littattafan Konfushiyas, tsohon malamin hikima na Sin, a 682, ya kafa rundunoni tara a babban birni waɗanda a cikinsu akwai na mutanen Baekje da na Goguryeo. Shekaru kusan 100 da suka biyo baya su ne ganiyar Shilla. A 751 waziri Kim Daeseong ya fara gina haikalin Bulguksa da kogon Seokguram, wanda aka harhaɗa da sassaƙaƙƙun duwatsu a kan tsauni, aka zaunar da mutum-mutumin Buddha mai tsayin mita uku da rabi a tsakiyarsa. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1995. A 1966 aka sami wata naɗaɗɗiyar takarda a cikin ɗaya daga hasumiyoyin dutse na Bulguksa, wadda aka buga da sassaƙaƙƙen allon katako, kuma tana cikin mafi daɗewar bugaggun takardu da suka rage a duniya. A 771 aka kammala ƙararrawar tagulla ta tunawa da Sarki Seongdeok, mai nauyin tan 18.9. 'Yan zuhudunsu sun yi tafiye-tafiye masu nisa, har ɗaya daga cikinsu, Hyecho, ya zaga Indiya da tsakiyar Asiya a shekarun 720, ya rubuta labarin ƙasashen da ya ratsa har da bayanin Larabawa, kuma an gano rubutun nasa a kogon Dunhuang na ƙasar Sin a 1908.

Wanda ya ɗauki nauyin duk wannan ƙawa shi ne manomi. A 1933 aka gano wasu takardu a taskar wani haikali a birnin Nara na Japan, waɗanda ashe rajistar haraji ce ta ƙauyuka huɗu na Shilla da ke kusa da garin Cheongju na yanzu. An ƙidaya mutane maza da mata bisa rukunin shekaru, an ƙidaya shanu da dawakai da gonaki, har da itatuwan da ake ciyar da tsutsar siliki da ganyensu, kuma duk bayan shekara uku ake sabunta lissafin. Wannan takarda ta fi kambin zinariya taɓa ni, domin ta nuna gwamnatin da idonta ya kai kan kowace bishiya a ƙauye, alhali arzikin da ake tarawa kusan duk birni ɗaya yake tafiya, birnin da wani tsohon littafin tarihin Koriya, Samguk Yusa, ya ce ya kai gidaje 178,936 a lokacin bunƙasarsa.

Da yaƙi ya ƙare, masu ƙashi na gaskiya suka yawaita, muƙamai kuwa ba su ƙaru ba, kuma tunda yanzu kowannensu yana da jinin da zai iya hawa gado, sai takubba suka koma cikin gida. A 757 aka mai wa hakimai da ikon cin harajin ƙauyuka kai tsaye, wanda Sinmun ya soke a 689. A 780 aka kashe Sarki Hyegong, kuma daga nan zuwa ƙarshen masarautar, cikin shekara 155, sarakuna 20 aka yi. A 788 an gwada kafa jarrabawar ɗaukar ma'aikata bisa karatu, amma ba ta taɓa iyakokin ƙashi ba. A 834 Sarki Heungdeok ya fitar da doka yana kukan cewa mutane sun ruɗu da kayan ƙetare, ya jera wanda aka yarda ya yi ado da gashin ɗawisu ko ƙoƙon kunkurun teku da wanda aka hana. Ƙasa tana tsagewa, fada kuma tana auna yadin riguna.

Labarin mutum biyu ya isa ya nuna irin asarar da aka yi. Na farko shi ne Jang Bogo, ɗan tsibiri marar asalin sarauta, wanda ya je Sin ya yi suna a aikin soja. Da ya ga 'yan fashin teku suna sayar da mutanen Shilla a matsayin bayi, sai ya dawo, a 828 ya kafa sansani na mutum 10,000 a tsibirin Wando, ya share teku, ya riƙe ragamar fatauci tsakanin Sin da Koriya da Japan. A 839 rundunarsa ce ta ɗora Sarki Sinmu a kan gado. Amma da aka zo maganar 'yarsa ta shiga gidan sarki, sai fadawa suka ce 'yar mutumin tsibiri ba ta dace ba, kuma ba a daɗe ba aka aika wanda ya kashe shi ta hanyar yaudara. A 851 aka rushe sansanin nasa, Shilla ta rasa ikonta a kan teku.

Na biyu shi ne Choe Chiwon, ɗan gidan daraja ta shida, wanda aka haifa a 857. Yana ɗan shekara 12 mahaifinsa ya tura shi Sin neman ilmi, a 874 ya ci jarrabawar gwamnatin Tang, ya yi aiki a can, har takardar gargaɗin da ya rubuta wa ɗan tawaye Huang Chao ta sa sunansa ya bazu. Ya dawo gida a 885 da niyyar yi wa ƙasarsa aiki, sai ya tarar da baitulmali ya bushe, larduna sun daina aiko da haraji, kuma a 889 da aka matsa wa manoma sai suka yi bore. A 894 ya miƙa wa Sarauniya Jinseong shawarwarin gyara guda goma da 'yan kai. An karɓa, an ba shi hawa na shida, wato ƙarshen abin da jininsa zai iya kaiwa, amma gyaran bai tabbata ba. Mutumin da baƙuwar ƙasa ta auna da ilminsa ta ba shi aiki, ƙasarsa ta haihuwa ta auna shi da ƙashin kakansa. Ya ajiye aiki ya koma yawon duwatsu, ya ƙare rayuwarsa a yankin haikalin Haeinsa.

A lokacin ƙasa ta riga ta koma hannun masu ƙarfi na larduna. Gyeon Hwon ya kafa sabuwar Baekje a 900, Gung Ye ya kafa tasa masarautar a 901, sa'an nan a 918 Wang Geon, ɗan gidan fataken teku daga Songak, ya kawar da Gung Ye ya kafa Goryeo, wadda daga sunanta aka samo sunan Koriya. A 927 Gyeon Hwon ya afka wa babban birnin Shilla, ya tilasta wa Sarki Gyeongae kashe kansa, ya ɗora wani a gado. Wannan sarki na ƙarshe, Gyeongsun, ya ga babu abin da ya rage sai zubar da jinin talakawa, sai a 935 ya miƙa wuya ga Wang Geon, wanda ya aura masa 'yarsa, ya bar masa kula da Gyeongju. Yarima ɗan Gyeongsun ya ƙi amincewa, ya sa tufafin rama masu kaushi ya shige tsaunin Geumgang. Sabuwar daular ba ta ɗauki tsarin ƙashi ba, kuma a 958 ta kafa jarrabawar ɗaukar ma'aikata irin ta Sin. Malaman da suka tsara mata gwamnati da yawansu 'ya'yan gidajen daraja ta shida ne na Shilla, kuma a 982 ɗaya daga cikinsu, Choe Seungno, wanda aka haifa a Gyeongju a shekarar da aka afka wa birnin, ya miƙa wa Sarki Seongjong na Goryeo shawarwari 28, sarkin ya yi aiki da su, shi kuma ya kai matsayin babban waziri kafin rasuwarsa a 989.